Taswirar cikin mota ko ta waya: wacce ta cancanci kuɗinka?

Duk wanda ya taɓa cinikin motar tokumbo, irin su Camry, Highlander, Accord ko Lexus, ya san abin da dillali ke saurin nunawa. Zai kunna allon gaban mota, ya danna maɓallin taswira, ya ce wannan har hanya take nunawa, don haka kuɗinta ya ɗara na 'yar'uwarta. Wanda ya riga ya mallaki motar kuma tasa tambayar daban ce: ya ci gaba da dogaro da waya, ko ya cire rediyon ya sa babban allon Android da ake sayarwa a kasuwa, ko ya nemi wanda zai farfaɗo masa da na asalin?

Kafin a auna komai, akwai abu biyu da mutane ke haɗawa alhali daban suke. Na farko sanin inda mota take. Wannan aikin taurarin ɗan'adam ne na GPS, mallakar Amurka, da ke shawagi a nisan kilomita wajen 20,200 daga ƙasa. Na'ura na buƙatar sigina daga huɗu aƙalla kafin ta gane matsayinta. Kyauta ne, ba ya cin data, ba ruwansa da layin waya, kuma tun watan Mayun 2000 da gwamnatin Amurka ta daina rage ingancinsa da gangan, yana nuna wuri da kuskuren mita kaɗan. Rasha na da nata mai suna GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou, kuma wayoyin yanzu suna sauraron fiye da ɗaya. Abu na biyu shi ne taswirar kanta: tituna, sunayensu, inda aka toshe, inda aka gina gada. Na'ura na iya sanin matsayinka daram, amma idan babu taswirar garinku a cikinta, kibiya kawai za ka gani a kan allo fayau.

Ma'aunan da zan bi

Na farko kuma mafi nauyi, shin akwai taswirar wurin da kake tuƙi, kuma yaushe aka sabunta ta? Na biyu, me ke faruwa idan sabis ya ɗauke? Na uku kuɗi, ba na saye kaɗai ba, har da na riƙewa. Na huɗu ƙarko, wato jure zafi da shekaru. Na biyar sauƙin amfani da haɗarin da ke tattare da shi, domin abin da ke ɗauke idon direba daga titi ba ƙaramin lamari ba ne.

Na'urar da kamfani ya haɗa da motar

Ba sabon abu ba ne. Honda ta fitar da na'urar nuna hanya a Japan tun 1981, kafin a samu GPS na farar hula, tana lissafi da juyawar mota da tafiyar taya. Mazda ce ta fara sa mai GPS a motarta Eunos Cosmo a 1990, BMW ta biyo baya a Turai a 1994. Wancan tsohon lissafin na taya har yau shi ne babban fifikon na'urar cikin mota. Tana karɓar bayanin gudun taya da juyawar motar kai tsaye, ga eriya a saman rufi da ke kallon sama ba shamaki. Idan ka shiga ramin ƙarƙashin dutse, ko wurin ajiye motoci na ƙarƙashin bene, ko tsakanin dogayen gine-gine, siginar tauraro ta ɓace amma ita ta ci gaba da bin sawunka. Waya a irin wannan wuri takan rikice, kibiyar ta riƙa tsalle daga wannan titi zuwa wancan.

Sauran alheranta a fili suke. Allon babba ne, an kafa shi inda ido zai kai ba tare da sunkuyawa ba. Muryar tana fita ta lasifikar mota, ta rage sautin rediyo da kanta. A wasu motocin kibiyar kwana tana bayyana kusa da agogon gudu, ko a jikin gilashin gaba. Babu batirin da zai ƙare, babu kiran da zai shigo ya rufe taswira daidai lokacin da ka iso shataletale. An ƙera ta don ta wuni a rana shekara da shekaru. Taswirar kuma tana cikin motar, a faifan DVD ko katin SD ko ma'adanar ciki, saboda haka rashin sabis bai dame ta ba.

To, amma taswirar ina? Nan ne cinikin ke lalacewa. Yawancin tokumbon da ke shigowa Najeriya ta tashoshin Legas ko ta Kwatano daga Amurka da Kanada suke, sauran daga Turai. Motar da aka sayar a Texas taswirar Arewacin Amurka ce a cikinta, wadda aka sayar a Jamus ta Turai ce. Kamar ka ɗauko ɗan jagora mai kaifin ido daga wani gari ne, ya san gabas da yamma sarai amma bai san lungu ko ɗaya na garinku ba. Kuma ba kamar waya ba ce da za ka sauke sabuwar taswira cikin minti biyar. Kamfanoni suna ɗaure na'urar da yankin da aka sayar da motar, faifan wani yanki sau da yawa ba ya karantuwa a na wani. Wasu motocin da aka sayo sababbi ta hannun wakilan kamfani a Afirka sukan zo da taswirar nahiyar, amma kada ka karɓi maganar dillali a kan wannan. Zauna a kujerar direba, rubuta Zoo Road ko Ahmadu Bello Way, ka ga abin da za ta ce.

Ko a ƙasashen da taswirar ke aiki, tsufa na kama ta. Kamfanonin mota ba su suke zana taswira ba, saya suke yi daga irin su HERE da TomTom. HERE ɗin nan tsohon Navteq ne, Nokia ta saye shi, sannan a 2015 Audi da BMW da Daimler suka haɗu suka karɓe shi a kan kusan yuro biliyan 2.8, abin da ke nuna yadda suke ɗaukar taswira da muhimmanci. Amma daga zana titi zuwa isarsa cikin motarka akwai tazara, kuma a tsofaffin motoci sai ka sayi sabon faifai ko kati, wanda a Amurka yakan ci dala 100 zuwa 200. Mutane da yawa ba sa saya, sai ka tarar da motar 2012 da taswirar 2011. A ce ma taswirar Kano ce ta wancan lokaci, ba za ta san gadar Dangi ko ta Hotoro ba, za ta riƙa cewa ka zagaya shataletalen da babu shi.

Akwai kuma tsufan da ba ya gyaruwa. A 2022 kamfanonin waya na Amurka sun rufe 3G, sai motoci masu yawa da ke karɓar bayanin cunkoso da sauran hidimomi ta wannan hanya suka rasa su, alhali injinsu lafiya lau. A ranar 1 ga Janairun wannan shekarar, agogon tsofaffin Honda da Acura masu taswira ya koma 2002 saboda yadda na'urar ke ƙirga makonnin GPS, aka shafe watanni kafin lokacin ya daidaita. Mota na iya yin shekara ashirin a titi, kwamfutar da ke cikinta kuwa tana tsayawa a shekarar da aka ƙera ta. Bayanin cunkoso da suke samu a Turai ta tashoshin FM, a Amurka kuma ta rediyon tauraro, babu mai watsa shi a nan.

Wajen amfani ma tana da taurin kai. Tana son adireshi cikakke, jiha, gari, titi, lambar gida, ɗaya bayan ɗaya. Mu kuwa da kwatance muke rayuwa: bayan gidan mai, kusa da masallacin Juma'a, layi na uku. Toyota da Lexus na shekarun baya suna kulle rubutun adireshi da zarar mota ta motsa, ko da fasinja ne zai rubuta. Don kare rai aka yi hakan kuma ban ga laifinsu ba, amma yana gajiyarwa. Idan allon ya mutu, gyaransa na da tsada, kuma a motocin da sarrafa iyakwandishan da kyamarar ribas suka bi ta cikinsa, ba taswira kaɗai ka rasa ba.

Adalci ne a ware sababbin motoci. Tun daga motar Polestar 2 a 2020, Volvo da Renault da Honda da General Motors sun fara sa Google Maps a cikin motar kanta, tana sabuntawa ta intanet. A motar lantarki wannan ya zama dole, domin taswirar ta san cajin da ya rage, ta lissafa inda za ka tsaya, har ta daidaita zafin batir kafin ka isa wurin caji. Waya ba ta iya wannan ita kaɗai. Sai dai bayan shekarun farko na kyauta, yawanci akwai kuɗin wata ko na shekara.

Waya a kan mariƙi

Wannan ne abin da kusan kowa ke yi, kuma a ma'auni na farko babu mai kama ƙafarta. Google Maps, wadda ta fito a 2005, tana sabuntawa kullum, ta san shaguna da asibitoci da gidajen mai da sunansu, kuma tana gane cunkoso daga motsin wayoyin mutanen da ke kan titin. A 2019 kamfanin ya ƙara wa Najeriya hanyar masu babur da murya mai lafazin Turancin 'yan ƙasar. Waze, wata manhajar taswira da Google ya saya a 2013, ta dogara da rahoton direbobi, don haka ƙarfinta ya fi fitowa a manyan birane inda masu amfani da ita suke da yawa. Matsalar rashin lambar gida ma waya ta warware ta: wanda za ka je wurinsa ya turo maka inda yake ta WhatsApp, ka danna, shi ke nan.

Kuɗin ba wani abu ba ne. Wayar tana hannunka, mariƙi da caja na mota kaɗai za ka saya, kuma datar da taswira ke ci a tafiyar awa guda ba ta kai ta gajeren bidiyo ba.

Rauninta sabis ne, amma rauni ne mai magani idan an shirya. Google Maps na ba ka damar zaɓar yanki ka sauke shi tun kana gida. Zai nuna hanyar mota ba tare da intanet ba, sai dai babu bayanin cunkoso, kuma yana da wa'adi, sai an riƙa sabunta shi. Manhajoji irin su Organic Maps da OsmAnd, da ke amfani da taswirar OpenStreetMap ta 'yan sa-kai, suna sauke ƙasa sukutum, haka ma HERE WeGo. Wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin jihar, sannan a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, ya san wannan ba zancen wasa ba ne. A ranakun nan GPS bai daina aiki ba ko na minti ɗaya. Wanda ya sauke taswira yana ganin hanyarsa, wanda bai sauke ba yana kallon ɗigon shuɗi mai nuna matsayinsa kawai, babu titi.

Babban abokin gabarta zafi ne. Apple da kansa ya ce an yi iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35, kuma a watan Afrilu Sakkwato da Maiduguri da Yamai suna wuce 40 a inuwa, balle bayan gilashin mota. Waya na caji, allo a kunne, rana na dukanta: za ta dusashe haskenta, ta daina karɓar caji, ko ta kashe kanta. Yawan haka na cinye batir kafin lokacinsa. Mariƙin da ake maƙalawa a bakin iskar iyakwandishan ya fi na jikin gilashi nesa ba kusa ba, kuma robar na gilashin tana sakewa a zafi, wayar ta faɗo ƙarƙashin ƙafa kusa da burki.

Haɗarinta ya fi na kowane zaɓi. Allon ƙarami ne, saƙonni na shigowa a kai, hannu na ƙaiƙayin taɓawa. Riƙe waya ana tuƙi laifi ne da jami'an kiyaye haɗurra ke kamawa a kai, ko da taswira kake dubawa. A gosulo kuma, da gilashi a sauke, waya a mariƙi tana kiran mai fizge.

CarPlay da Android Auto

A ganina wannan ne ya raba gardamar, ga wanda motarsa ke da shi. Tsari ne na haɗa waya da allon mota: taswirar ta waya ce, allon da lasifikar da maɓallan sitiyari na mota ne. Ka jona kebul, ko babu kebul a sababbin motoci, Google Maps ta bayyana a babban allo, wayar kuma ta kwanta a inuwa cikin aljihun mota. Apple ya fito da CarPlay a 2014, Android Auto ya shiga motoci a 2015, Hyundai Sonata ce ta fara. Honda Accord ta samu duka biyun a samfurin 2016, ban da masu ƙanƙantar daraja. Toyota ta yi jinkiri: CarPlay sai a motocin 2019, Android Auto a na 2020. Wannan na da muhimmanci ga mai sayen tokumbo, domin Camry ta 2015 mai taswirar Amurka ba ta da shi, duk girman allonta.

Ba ya tsufa yadda na kamfani ke yi, tunda duk lokacin da ka canza waya ka canza kwamfutar. Ba ruwansa da ƙasar da aka sayar da motar. Iyakarsa ita ce ta waya: idan ta mutu ko aka manta ta a gida babu taswira, kuma saukewa don wuraren da babu sabis har yanzu wajibi ne. Kebul mai arha yana yawan yankewa, nau'in da babu kebul kuma yana zafafa waya. Wayoyin da ba su da hidimomin Google, kamar sababbin Huawei, ba sa yin Android Auto. Masu sayen sabuwar mota a waje su lura cewa General Motors ya sanar a 2023 zai daina sa su a motocinsa na lantarki.

Allon Android na kasuwa

Shi ne ake gani a Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo, yawanci ƙirar Sin, da firam ɗin da ya dace da kowace mota. A zahiri kwamfutar hannu ce aka dasa a dashbod. Za ka sauke Google Maps ko wata manhaja a kansa, ka ba shi intanet daga wayarka, wasu ma suna karɓar layin waya. Masu kyau a cikinsu suna da CarPlay da Android Auto, kuma wannan ne ainihin dalilin sayensu.

Ingancinsu ya bambanta ƙwarai. Mai ma'adanar aiki gig 1 ko 2 zai riƙa sanɗa, taswira na bin bayan motar maimakon ta ja gaba. Nemi mai gig 4, kuma a kunna a gabanka, domin abin da aka rubuta a kwali ba kullum yake daidai da na ciki ba. Haɗarin da ya fi girma yana hannun mai wayarin. Idan ya yanke wayoyin mota maimakon ya yi amfani da soket ɗin da ya dace, za ka iya rasa maɓallan sitiyari da kyamarar ribas, ko batir ya riƙa mutuwa cikin dare. Motar da ke da amfilifaya ta kamfani ko iyakwandishan mai bi ta allo tana buƙatar ƙarin akwatin haɗi, a tambaya kafin a kwance komai. A tabbata an ajiye ƙaramar eriyar GPS inda ƙarfe bai rufe ta ba. Ka kuma karɓi tsohon rediyonka ka adana, ranar sayar da mota zai yi amfani. Abu na ƙarshe, allon nan yana kunna bidiyo ana tafiya, kuma na ga direbobin haya da ba sa jin kunyar hakan.

Garmin da TomTom

Waɗannan ƙananan na'urorin nuna hanya ne da ake saya daban a maƙala a mota. Zamaninsu ya ja baya tunda waya ta karɓe aikin. Ba sa buƙatar sabis, suna jure wahala, kuma Garmin na karɓar taswirar OpenStreetMap. Sun dace da masu aikin daji da sahara, irin hanyoyin arewacin Agadas. Ga mai yawo cikin gari, ƙarin kaya ne.

| Zaɓi | Taswirar yankinmu | Inda babu sabis | Kuɗi | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Na kamfani, tokumbo | Yawanci babu | Tana aiki, in akwai taswira | Ƙari a farashin mota, gyara da tsada | Jikinta na daɗewa, taswira na tsufa | Biyan kuɗin abin da ba zai yi aiki ba |
| Waya a mariƙi | Mafi sabunta | Sai an sauke | Kaɗan | Zafi na cutar da ita | Ɗauke hankali, fizge |
| CarPlay ko Android Auto | Irin ta waya | Sai an sauke | Babu ƙari in motar na da shi | Yana bin shekarun waya | Yankewar kebul |
| Allon kasuwa | Irin ta waya | Sai an sauke | Matsakaici, da ladan haɗawa | Ya danganta da ƙira | Lalata wayarin mota |
| Garmin ko TomTom | Sai an ɗora | Yana aiki | Matsakaici | Mai kyau | Tsohuwar taswira |

Akwai abin da babu ɗayansu da ya sani, kuma a arewa shi ne ya fi komai. Taswira na neman hanya mafi sauri ko mafi kusa. Ba ta san wace hanya ce ba a bi bayan la'asar ba, ba ta san gadar da ruwa ya cinye daren jiya ba, ba ta san lungun cikin birni da ta zana kamar titi ko amalanke da ƙyar take wucewa ba. Tana iya ganin hanyar Birnin Gwari ta rage maka kilomita ta tura ka can hankali kwance. Matambayi ba ya ɓata: kafin doguwar tafiya a hanyar da ba ka saba ba, direbobin tasha da suka dawo yau sun fi kowane allo labari. Idan taswira ta ce ka sauka daga babban titi ka bi ta daji don ka rage minti ashirin, ƙyale ta.

Wanne ya dace da wa

Mai cinikin tokumbo da zai tuƙa a Najeriya ko Nijar ko Ghana: kada ka ƙara ko sisi saboda taswirar cikin mota, sai ka ga titin unguwarku a kanta. Idan motoci biyu ne a gabanka, ɗaya mai taswirar kamfani ɗaya mai CarPlay da Android Auto, ɗauki ta biyun. Je da kebul ɗinka ka gwada kafin ka biya.

Mai tsohuwar mota da ke zirga-zirga cikin garin da ya sani, taswira sai jefi-jefi: mariƙi mai kyau a bakin iska da caja mai inganci sun wadatar.

Direban Bolt ko mai kai kaya, wanda taswira ce abincinsa daga safe zuwa dare: allon kasuwa mai gig 4 da Android Auto zai biya kansa ta hanyar ceton batirin waya, da sharaɗin a samu mai wayarin da ba ya yanka waya.

Mai dogon zango tsakanin jihohi ko ƙetare iyaka, Kano zuwa Maraɗi ko Damagaram: sauke taswirar ɓangarorin biyu tun kana gida, a manhaja biyu daban, domin layinka na iya daina aiki da zarar ka wuce Jibiya ko Kwangwalam.

Wanda ke zaune a Turai, Amurka ko Saudiyya da sabuwar mota mai sabunta kanta: yi amfani da ta cikin motar a doguwar tafiya da cikin ramukan duwatsu, ka duba nawa ne kuɗin shekara bayan na kyauta ya ƙare. Idan motar ta lantarki ce, bar ta ta tsara tafiyar da wuraren caji, wayar kuma ka riƙe ta don neman shago da adireshin da aka turo maka.